Idan ka tarar da kayan mutanen da a kogo ko a bakin ƙorama, ga yadda ake yi

Duk shekara idan ruwa ya ɗauke a Adar, ƙoramu sukan bar abin da suka tono a fili. Gefen kwazazzabo ya zube, sai ga bakin tukunya ya leƙo, ko kashin maƙera, ko gatarin aradu, ko ƴan duwatsu masu kaifi waɗanda ba ruwa ne ya fasa su ba. Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wata sakandare a nan Tawa, shi ya sa ƴan lakwal da iyayensu suke kawo mini irin waɗannan abubuwa a aljihu ko a ƙulle a bakin zane. Nakan ji daɗin ganinsu, raina kuma yakan ɓaci, don idan na ce a ina abin yake kwance, amsar ba ta wuce "can wajen dutse, Mushe". Na yi wannan rubutu ne saboda makiyaya, manoma, masu fasa dutse, masu ginar rijiya da malamai ƴan'uwana da ke fita daji da yara. Hanyar ba ni na ƙirƙiro ta ba. Yawancinta na tsamo ne daga aikin masu binciken koguna na ƙasar Hangari, musamman László Vértes da magabacinsa Ottokár Kadić.

Sai na fara da wata gardama, don ita ce ke nuna dalilin duk abin da zai biyo baya. A 1891, a garin Miskolc da ke arewa maso gabashin Hangari, leburori suna haƙa harsashin wani gida suka fito da duwatsu uku da aka sassaƙa da hannu. Aka kai wa Ottó Herman, masanin da ya yi suna wajen nazarin tsuntsaye da rayuwar masunta da makiyaya. Ya duba ya ce wannan aikin mutanen zamanin ƙanƙara ne. Masana ƙasa da duwatsu suka ƙi yarda, suka ce ƙasar wurin ba tsohuwa ba ce, ruwa ne ya jibge ta daga baya. Rigimar duk a kan shimfiɗar ƙasar da duwatsun suka fito take, kuma babu masanin da ya gan su a kwance kafin a ɗaga su. Aka yi shekara goma sha biyar ana ja-in-ja. Sai a 1906 aka tura Kadić, wanda aka haifa a 1876, ya tona kogunan tsaunukan Bükk da ke kusa da garin. A kogon Szeleta, a 1907, ya sami kawunan masu na dutse, masu siffar ganye, a shimfiɗa ɗaya da ƙasusuwan wata babbar dabbar kogo da ta daɗe da ƙarewa a duniya. Ya ga abin da idonsa a inda yake, ya auna, ya rubuta. Nan gardamar ta mutu, kuma har yau ana kiran wani salon sassaƙar dutse na tsakiyar Turai da sunan wannan kogon.

To, ɗan'uwa, idan ka yi kiciɓis da abu, ka janye hannunka tukuna. Kada ka ja bakin tukunyar ka ga ko da wani abu a ciki, kada ka caka sanda, kada ka share ƙasar da ke kewaye. Ka ja da baya taki biyu ko uku ka duba inda ƙafarka take, don sau da yawa abin da ka hango guda ɗaya ne cikin masu yawa, sauran kana bisa kansu.

Daga nan sai hoto, in kana da waya. Kada ka tsaya a hoton kusa kaɗai. Ka ɗauki na nesa da zai nuna wurin tare da abin da ba ya gusawa, kamar dutse, tsohuwar gawo, hanya ko rijiya. Ka ɗauki na tsaka-tsaki da zai nuna bangon ƙoramar tun daga sama har ƙasa, da abin a maƙale a jikinsa. Sannan na kusa. A kowane ɗaya ka ajiye abin da kowa ya san girmansa, bik ko kwalin ashana ko ƙwandalar dala ashirin, ka kuma shimfiɗa kara ya nuna arewa. Duk wanda ya san alƙibla ba zai rasa arewa ba. Hoton hantsi da na la'asar sun fi na tsakar rana, saboda hasken da ke zuwa ta gefe shi ke fito da zane a jikin tukunya da sawun sassaƙa a jikin dutse. GPS na waya yana aiki ko da babu rezo. Ka karanta lambobin, ka kwafe su a kaye da hannunka, don waya takan ɓata, takan lalace, akan kuma sayar da ita.

Kayen nan shi ne babban kayan aiki, kuma da fensir ake rubutu a ciki, don tawada takan narke da gumi. Ka rubuta ranar, sunan garin da ya fi kusa, sunan da mutanen wurin ke kiran ƙoramar ko dutsen, da mai gonar in a gona ne. Sai abin da ya jawo gardamar Miskolc: zurfin da irin ƙasar. Ka auna daga doron ƙasa zuwa inda abin yake, da mitar magina in akwai, in babu da kamu da taƙi, amma ka faɗi cewa da hannunka ka auna. Ka kwatanta ƙasar da abin ke ciki, da ta bisansa, da ta ƙarƙashinsa. Ja ce, baƙa ce, toka-toka ce? Yashi ne, laka ce, tsakuwa ce, ko marmara? Akwai gawayi a ciki? Ka zana bangon ko da zanen bai yi kyau ba, ka sa alama inda abin yake. Ƙasa tana kwanciya ne kamar tabarmi da aka jera ɗaya bisa ɗaya: ta ƙasa ita aka fara shimfiɗawa. Da yawa daga lissafin shekarun da masana ke yi a kan wannan ya dogara.

Yara sukan tambaye ni yadda ake gane dutsen da mutum ya fasa, ganin cewa Adar duk duwatsu ce. Ka tsuguna ka duba ba tare da ka ɗaga ba. Ɓallin da mutum ya buge daga jikin uwar dutse yana da ɗan fili a kai inda bugun ya sauka. Daidai ƙarƙashin wannan filin, a fuskar da ke da santsi, za ka ga ɗan kumburi, daga shi kuma wasu layuka sun bazu a lanƙwashe zuwa ƙasa. A ɗaya fuskar akwai sawun ɓallayen da aka cire kafin shi. Idan kuma ka ga bakinsa da ƙananan ɓantarori a jere, girmansu kusan ɗaya, duk ta gefe guda, to wani ya zauna ya gyara kaifin nan da gangan. Dutsen da zafin rana ko ruwa ya fasa ba ya da wannan tsari.

Wani lokaci abin yana bakin halaka: ruwan gaba zai tafi da shi, ko yana kan burtali inda shanu ke bi. Abin da ya fi shi ne ka rufe shi da yashi mai laushi, ka jera duwatsu a kewaye, ka ɗora ƙaya. In ka tabbata ba zai kai mako ba, kuma ya riga ya fita daga ƙasa, sai ka ɗauka bayan ka gama hoto da awo da rubutu. Kowane abu da ledarsa, da ƴar takarda a ciki mai ɗauke da ranar da wurin da zurfin. Ƙashi a takarda ake naɗe shi, don leda tana tara raɓa ya yi hunhuna. Kada ka wanke, kada ka kankare, kada ka manne ɓallayen tukunya da gam. Baƙin da ke cikin tukunya wataƙila ragowar abinci ne, kuma ana iya gane ko hatsi ne ko nono. A inda ka ɗauka ka kafa dutse ko turke.

Shiga kogo kuwa yana da nasa ladabi, kuma na farkonsa ba a bakin kogon yake ba, a ƙofar mai gari yake. Ka je ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi ya haɗa ka da wanda ya san wurin. A Adar akwai duwatsu da ramuka da Azna ke girmamawa tun kakanni, wasu har yau ana kai musu abin da aka saba kaiwa. In aka ce maka nan ba a shiga, ka haƙura. Ka kuma tambayi halin tsaro na yankin kafin ka kama hanya, musamman in ka nufi arewa.

Kada ku gaza mutum uku, ɗaya kuma ya tsaya a waje ya san lokacin da kuka ce za ku fito. Kowa da tocila biyu. Takalmi rufaffe, ba silifa ba. Ba a shiga da damina. Kafin ku kusanci bakin, ku ɗaga kai ku duba tsagogin dutsen, don ƙudan zuma sun fi maciji saurin kashe mutum a wurin da babu hanyar gudu. Ku saurari hancinku: wari mai ƙarfi da sabon kashi da tarin ƙasusuwa a ƙofa alama ce ta wurin yana da mai shi. Kada ka zura hannu inda idonka bai gani ba, kububuwa da kunama nan suke fakewa. Inda jemagu suka tara kashi, ku ɗaure hanci da baki, ku taka a hankali, saboda ƙurarsa tana iya sa ciwon huhu. In rami ya yi zurfi, ku kunna kyandir. Da harshen wutar ya fara ƙanƙancewa ko kanku ya fara nauyi, ku juya.

Ba sai kun yi nisa ba ma. Mutanen da sun fi zama a bakin kogo, inda haske ke kaiwa kuma hayaƙi ke samun hanyar fita, da gangaren da ke gabansa, inda suke watsar da shara. Nan za ku fi zuba ido. Ku dubi rufin ko akwai baƙin hayaƙi, ku dubi ƙasar da beguwa ko wata dabba ta turo daga raminta, don ta riga ta yi muku tonon da ku ba ku da izinin yi, kuma abin da ke cikin turɓayar yana nuna abin da ke ƙasa. Idan akwai zane a jikin dutse, hoto kawai. Kada a zuba masa ruwa don ya fito, kada a bi shi da alli, kada wani yaro ya rubuta sunansa a gefe. Raƙuman dawan da aka zana a jikin dutse a Dabus, arewa da Agadas, waɗanda babban cikinsu ya haura mita biyar, sun kai dubban shekaru ne don waɗanda suka wuce ta wurin sun bar su yadda suka same su. Masu kwasar kashin jemage don taki su ma a yi musu magana cikin mutunci, su tsaya a na sama, kada su sa galma a ƙasar da ke ƙarƙashi.

Tono kansa ba aikin mai tsintuwa ba ne. Dokar ƙasarmu mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997, wadda ta shafi kare kayan gado na al'adu, ta sa sai da izinin hukuma ake yin sa. Amma idan masana suka zo da izini, mutanen gari ake ɗauka aiki, ɗalibai kuma sukan bi su, don haka yana da kyau a san yadda aikin kirki yake.

Kadić ya raba ƙasan Szeleta gida-gida, kowane gida mita biyu a mita biyu, yana sauka rabin mita rabin mita, yana rubuta gidan da zurfin da kowane abu ya fito. Saboda wannan rajista, masu bincike na zamaninmu, bayan kusan shekara ɗari, sun iya mayar da kayan wurarensu a kan takarda suka sake nazari. Yau gidajen sun fi ƙanƙanta, galibi mita ɗaya, ana ja musu igiya da ƙusa, ana kuma bin launin ƙasa maimakon zurfi tsayayye: da launi ya sauya, sai a tsaya, a share, a yi hoto, a buɗe sabuwar lamba. Da cokalin magini da buroshi ake aiki, a kwance ake kankara, ba a caka baki ƙasa. Abin da ya bayyana a bar shi a zaune har a share kewayensa a ga da me yake tare. Kuma ba a cinye wurin duka. Ana barin wani sashe ba a taɓa ba saboda masu zuwa da kayan awo da suka fi namu. A wasu kogunan Bükk masu tonon farko sun kwashe ƙasa da yawa, na baya suka tarar da kaɗan, kuma wannan asara ce da ba ta da gyara.

Vértes, wanda aka haifa a Budapest a 1914, ta ƙofar shiga koguna ya shigo wannan ilimi, daga baya ya riƙe sashen zamanin dutse a gidan tarihi na ƙasar. Abin da ya sa nake ƙaunar aikinsa shi ne bai raina ƙaramin abu ba. A kogon Istállóskő, inda ya yi tono tsakanin 1947 da 1951, an fi tuna shi da ƙashin cinyar ɗan dabbar kogon nan mai huji uku, wanda ya ɗauka sarewa ce, ko da yake wasu masana na ganin haƙoran dabba ne suka huda shi. Amma a wurin nan, shi da abokan aikinsa irin su Dénes Jánossy sun tara har ƙasusuwan ɓeraye da tsuntsaye, sun kuma yi nazarin ƙwayoyin ƙasar kanta. Dalili kuwa, kowane irin ɓera da yanayin da yake so. Idan irin da ke son sanyi ya yawaita a wata shimfiɗa, na daji mai ɗumi ya ɓace, ka san yadda duniya take lokacin da mutanen suka zauna a wurin. Vértes yakan auna kayan dutse ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga, ya kwatanta da lissafi, a lokacin da da yawa ke dogara ga ganin ido kawai.

Wannan hali ne ya yi masa rana a Vértesszőlős, wani wurin fasa dutsen farar ƙasa a yamma da Budapest. A 1962 masanin labarin ƙasa Márton Pécsi ya lura da wasu fasassun tsakuwoyi a wurin. Vértes ya fara tono a 1963. Kayan aikin mutanen wurin ƙanana ne ƙwarai, yawancinsu ba su wuce santimita biyu zuwa uku ba, irin waɗanda mai shebur zai watsar bai ko kalla ba. An sami wuraren wuta masu ƙonannun ƙasusuwa, an sami gutsattsarin haƙoran yaro, sannan ranar 21 ga Agusta 1965 aka fito da ƙashin ƙeyar wani baligin mutum, wanda aka laƙaba wa suna Samu. Ƙiyasin da aka fi ambata ya kai shekara kusan 350,000. Vértes ya rasu a 1968 yana da shekara 53, a shekarar da aka buɗe wurin ga masu ziyara, da wani sashe na shimfiɗun a zaune yadda aka same su.

Saboda haka, in aka ba ka rariya a wurin tono, kada ka ga kamar an ba ka aikin yara. Kowane bokiti da lambar gidansa da ta shimfiɗarsa, kuma ba a haɗa biyu. Ka girgiza a hankali, ka baza abin da ya rage, ka bi shi da yatsa: dutsen ado, ƙashin kifi, haƙorin ɓera, ɓawon ƙwan jimina, ƙonannen ƙwayar hatsi. Abin da ba ka gane ba ka ajiye, ka tambaya. Gawayi kuwa ba a taɓa shi da hannu, ba a shan taba kusa da shi. Da bakin cokali ake ɗauka a naɗe a takardar alminiyam, don da shi ake awon karbon 14, wanda ke iya ba da shekarun abu har zuwa wajen 50,000. Abin da ya wuce haka, irin na Vértesszőlős, sai an koma ga dutsen kansa da irin dabbobin da ke ciki.

Idan ƙashin mutum ne ya fito, ko a wurin tono ko a bakin ƙorama, a rufe shi, a sanar da mai gari da jandarma, don sai an fara tabbatar da ba na kwanan nan ba ne. Kabari kabari ne komai daɗewarsa, ba a wasa a kansa, ba a yawo da hotonsa. Ƙasar da ke ƙarƙashin mamacin ma a bar ta. A Gobero, cikin Tenere, inda tawagar Paul Sereno ta gano makabarta a 2000, an sami wata mace da yara biyu a kabari ɗaya suna rungume da juna, kuma daga ƙasar kabarin aka gano garin furanni, abin da ya sa ake ganin a kan furanni aka kwantar da su. Wanda ya ɗebe ƙasusuwan ya kakkaɓe su da wannan labari ya tafi.

Za a zo maka da kuɗi, wannan kam ka sa a ranka. Da labari ya fita, wani zai iso a kan moto ya ce yana sayen tsofaffin kaya, ya miƙa maka jaka biyu ko biyar. Mun ga abin da wannan ya yi a Bura, cikin yankin Tera. An gano wurin a 1975, Boubé Gado na IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan'adam da ke Yamai, ya tona shi a 1983, ya sami tukwanen binne mamata sama da 600 a ɗan fili kaɗan, wasu da siffar mutane da mahaya dawaki. Bayan an nuna kayan a Faransa a shekarun 1990, dillalai suka yi ca a kan yankin, aka farfasa makabartu da yawa ana neman kawuna masu kyau, har a 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ake gargaɗin kada a saya. Mutanen ƙauyukan sun sami abin cefane na ƴan kwanaki, kayan kuma suna can a ɗakunan masu kuɗi a waje ba tare da an san ramin da kowanne ya fito ba. Wannan abu yana ci mini rai. Shi ya sa nake roƙo kada a sa lambobin GPS ko sunan wurin a Facebook ko a zaurukan WhatsApp.

Waɗanda za ka gaya wa su ne mai gari, sai ofishin magajin gari, sai ofishin al'adu na jiha a nan Tawa. Daga can maganar ke isa Yamai, wajen IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni da gidan tarihi na Bubu Hama. Ka rubuta takarda ko da gajeriya ce, da Faransanci ko da Hausa: sunanka, ranar da ka ga abin, wurin da lambobinsa, abin da ka gani da zurfinsa, ko ka ɗauki wani abu ko ba ka ɗauka ba, da haɗarin da ke fuskantar wurin, ruwa ne, shanu ne, ko masu fasa dutse. Ka haɗa da hotuna. In ka miƙa wani abu, ka nemi a ba ka takardar shaidar karɓa, ka kuma riƙe kwafin duk abin da ka rubuta. Masanan ba su da yawa, kuɗin fita daji kuma ba kullum ake da shi ba, don haka amsa tana iya jinkiri. Ka koma ka tuna musu kafin ruwan farko, ka kuma leƙa wurin bayan kowane babban ruwa ka ƙara hoto da kwanan wata a kayenka.